Ryzen 5 5600X da RAM mai nuna 1066: ina ainihin gudun yake?

Ɗan'uwa, na karanta bayaninka har ƙarshe. Ka ce ka haɗa kwamfutar tebur da furosesa Ryzen 5 5600X, madabod B550, da RAM sanda biyu masu giga 8 kowacce, an rubuta 3200 a jikinsu. Da rana kana tace bidiyo, da dare ka ɗan taɓa wasa. Ka ga wani a YouTube ya kafe tasa furosesar a gigahaz 4.7 da wuta bolt 1.4, kai ma ka yi haka, sai kwamfutar ta shiga kashe kanta tana tashi, fanka kuma tana ihu kamar za ta tashi sama. Ga CPU-Z, manhajar da ke karanto bayanan kayan cikin kwamfuta, yana nuna maka RAM a 1066, har ka fara zargin an cuce ka a kasuwa. Kana son sanin inda kuskuren yake da lambobin da ya kamata ka sa.

Kafin komai, shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, yau ɗin nan ka cire 1.4 ɗin. Nemi inda aka rubuta Load Optimized Defaults, ka danna, ka ajiye, ka fita. Sauran maganar za ta iya jiran gobe, wannan ba za ta jira ba.

Abin da mai bidiyon ya nuna maka tsohon yayi ne, kuma a zamaninsa ya yi rana. Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi: akwai agogon tushe, akwai lambar da ake ninka shi da ita. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, ninkinta 4.5 a kan agogon megahaz 66, wato 300. Jama'a suka gano cewa in ka ɗaga agogon zuwa 100 a madabod, sai ta koma 450 ko tari ba ta yi. Rabin gudunta a kyauta. A 2011 aka sake faɗawa cikin irin wannan garaɓasa da Core i5-2500K. Kamfani ya ajiye ta a gigahaz 3.3, tana ɗan taɓo 3.7, amma da fanka mai kyau da yawansu sun zauna a 4.5 shekara da shekaru. Mu da muka koyi sana'ar a wancan lokacin haka muka taso: ɗaga ninki, ƙara wuta, gwada, sake ɗagawa. Abin yana ci ne saboda kamfanonin suna barin tazara mai faɗi tsakanin abin da furosesa za ta iya da abin da suka rubuta a kwali.

Wannan tazarar, a taka furosesar, kamfani ya riga ka cinyewa. 5600X, wadda AMD ta fitar a Nuwamba 2020, tana da direbanta a cikinta, shi ne Precision Boost. Kusan sau dubu a daƙiƙa yake duba zafi da yawan wutar da ake ja, ya ɗaga gudu ko ya sauke shi da taki megahaz 25. An gindaya masa iyaka huɗu: wat 76 daga soket, amfiya 60 ta doguwar tafiya, amfiya 90 ta ɗan lokaci, da zafi digiri 95. Lambobi ukun farko su ne za ka gani a BIOS da sunan PPT, TDC da EDC. In aiki marar nauyi ne, kai ɗaya ko biyu daga cikin kawunanta shida (cores) su haura gigahaz 4.6, kuma in ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da wuta, za ka ga wuta tana leƙa kusan bolt 1.5 na ƙiftawar ido. Wannan ba matsala ba ce, don ruwan wutar da ke wucewa a lokacin kaɗan ne. Amma da zarar ka ɗora mata fitar da bidiyo, duka kawunan suka ɗauki kaya, da kanta take sauke wutar zuwa wajen 1.2 da ɗoriya. Ta san cewa abin da ke cin silikon ba yawan bolt kaɗai ba ne, haɗuwar bolt mai yawa ne da ja mai yawa da zafi mai yawa a lokaci guda.

Kai kuwa da ka rubuta 1.4 da hannunka, ka sallami direban, ka ɗaure totur. Duk ukun ka tara mata a wuri ɗaya. Kuma irin wannan ɓarna ba ta zuwa da hayaƙi ko ƙauri. A hankali take ci, yau furosesa tana zama lafiya a wani gudu da wata wuta, bayan wata shida sai ta fara neman ƙari kafin ta yi abin da take yi da, ranar nan kuma ko a saitin kamfani sai ta dinga tuntuɓe. Ko masu ƙera abin ba su tsira daga wannan ba. A Afrilun 2023 an samu wasu Ryzen 7000 masu X3D da suka ƙone a cikin soket, sai da AMD ta tilasta wa masu madabod kada wutar SoC, ɓangaren furosesa mai kula da RAM da sauransu, ta wuce bolt 1.3. A 2024 Intel ta amsa cewa furosesocinta na tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima har suna lalacewa, ta fitar da gyara a Agusta da Satumba, ta ƙara garanti da shekara biyu, amma wadda ta riga ta taɓu gyaran ba ya dawo da ita.

Ga lissafin da nake so ka riƙe. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tashi daidai da gudu, amma yana tashi da ninkin bolt a kan kansa. Ɗauka misali tana aiki da duka kawuna a 4.4 da bolt 1.25, ka kai ta 4.7 da 1.40. Gudu ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. Bolt kaɗai ya ƙara zafi da kashi 25, in ka haɗa da gudun ya kai wajen kashi 34. Ka sayi kashi 7 da kashi 34. Sannan wa ka ɗora wa kwashe wannan zafin? Ba ka ambaci sayen wata fanka ba, don haka na ɗauka Wraith Stealth ce da ta zo a kwali, ɗan guntun alminiyom da aka auna wa wat 65. Ƙara da wannan: masu irin waɗannan bidiyoyi yawanci a ɗaki mai sanyin digiri 21 ko 22 suke gwaji. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. In ɗakinka yana 37 da azahar a watan Afrilu, duk lambar zafin da ka gani a bidiyonsa ƙara mata goma sha biyar. Nasa 78, naka 93. Shi ya sa kwafar lambobin wani, ko da furosesarku iri ɗaya ce, ba ya kai mutum ko'ina. Ballantana ma ko ƙasa ɗaya kuke, babu furosesa biyu da silikon ɗinsu ya zo daidai.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar, wato RAM. A nan gudun da kake nema yake kwance ba ka ɗauka ba.

1066 da ka gani ba ƙarya CPU-Z ya yi ba. DDR tana aika bayani sau biyu a kowane bugun agogo, shi kuma CPU-Z bugun yake nunawa, don haka ninka biyu: RAM ɗinka yana tafiya a 2133. Da a 3200 yake, 1600 za ka gani. Dalili kuwa, kowace sandar RAM tana ɗauke da ƙaramin guntu mai suna SPD, a ciki an rubuta saiti iri biyu. Akwai na ƙa'idar JEDEC, mai tafiyar hawainiya da bolt 1.2, wanda kowane madabod zai tashi da shi ba gardama. Akwai kuma wanda aka buga a jikin kwali, 3200 da bolt 1.35, da ake kira XMP. Madabod ba ya ɗaukar na biyun sai ka ce masa ya ɗauka. ASUS suna kiransa D.O.C.P a allunansu na AMD, MSI su ce A-XMP, Gigabyte da ASRock su bar shi XMP. Danna ɗaya ne. Na sha karɓar kwamfutar da ta shekara biyu a hannun mai ita, ya biya kuɗin 3200 yana cin 2133, bai taɓa sani ba.

Maganar ko an cuce ka, ga yadda za ka tabbatar ba sai ka je ka yi hayaniya ba. A CPU-Z buɗe shafin SPD, ka zaɓi kowane rami bi da bi. In ka ga layin da aka rubuta XMP-3200 da 1.35, kayanka na gaskiya ne. In babu, lambar ƙarshe 2400 ce ko 2666, to takardar da aka manna a jiki ce kawai 3200, mayar wa mai shi. Duba kuma ko sandunan biyu lambar ƙirarsu ɗaya. In ɗaiɗai aka sayo su aka haɗa maka, ko da suna ɗaya launi ɗaya, ƙwayoyin cikinsu na iya bambanta, kuma daga nan yawancin ciwon kai ke farawa. Sannan buɗe murfin akwatin ka leƙa. In ramuka huɗu ne, sandunan su zauna a na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa, waɗanda littafin madabod ke kira A2 da B2. In an jera su a na farko da na biyu, ko na uku da na huɗu, layi ɗaya suke bi maimakon biyu, ka zubar da rabin faɗin hanyar.

A lissafi, layi biyu a 2133 suna iya ɗaukar kusan gigabait 34 a daƙiƙa, a 3200 gigabait 51.2, a 3600 kuma 57.6. Amma a Ryzen ribar ta wuce nan. Furosesarka ba gutsure ɗaya ba ce a ƙarƙashin murfi, biyu ne: ɗaya mai kawunan, ɗaya mai kula da RAM da USB da sauransu. Gadar da ta haɗa su ita ce Infinity Fabric, agogonta shi ne FCLK, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da agogon RAM. RAM a 2133 yana nufin gadar ma tana rarrafe a 1067. Ka kunna XMP ta koma 1600. Wato tun farko ka ɗaure wa furosesar ƙafa ta baya, kana ta dukanta ta gaba.

To, ka kunna XMP, ka gwada, komai lafiya. Ka tsaya nan ko ka ci gaba? In kwamfutar nan ita ce ke ciyar da gidanka, tsayawa a nan ba abin kunya ba ne, 3200 ne ma iyakar da AMD ta lamunta a rubuce ga wannan zubin, kuma mafi girman rabon ka riga ka kwashe. In kana da haƙuri da 'yan kwanaki, mataki na gaba 3600 ne da FCLK 1800. Kusan duk Ryzen 5000, zubin taka furosesar, tana ɗaukar 1800. Wasu sukan kai 1900, wato RAM 3800, sama da haka kuwa sai mai sa'a. Kada ka yi kwaɗayin 4000 alhali gadar ba ta biyo ba, domin in suka rabu, mai kula da RAM ɗin yakan koma rabin gudu, jinkirin da za ka jawo ya fi ribar da ka hango. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Manhajar ZenTimings za ta nuna maka MCLK (agogon RAM), FCLK da UCLK (agogon mai kula da RAM) a jere. So ake ka ga lamba ɗaya sau uku.

Sai lambobin nan huɗu da ke jikin sanda, irin 16-18-18-38, waɗanda mutane ke kwafa ba tare da sun san me suke cewa ba. Ka taɓa tsayawa a gaban mai kemis mai durowoyi da yawa? Kafin ya ba ka magani sai ya jawo durowar, wannan jiran shi ne tRCD. Ya laluba ya zaro ya miƙo maka, wannan tCL ne, lambar farko. In abu na gaba a wata durowar yake, sai ya rufe wannan tukuna, tRP. Akwai kuma mafi ƙarancin lokacin da durowa za ta zauna a buɗe kafin a yarda a rufe ta, tRAS. Duka da bugun agogo ake ƙirga su, ba da daƙiƙa ba, shi ya sa 16 a wani gudu ba 16 ba ce a wani. In kana son ainihin lokacin, ninka lambar da 2000 ka raba da gudun RAM, ya ba ka nanosakan. CL16, wato tCL 16, a 3200 nanosakan 10 ne. CL18 a 3600 ma 10 ne cif. CL16 a 3600 ya sauko 8.9. CL15 a 2133 da kake kai yanzu kuwa 14 ne. Ka ga ƙaramar lamba ba kullum take nufin sauri ba.

Ga yadda nake bi in sanda 3200 CL16 ta zo hannuna. In sa gudu 3600, FCLK 1800, wutar RAM 1.38, in saki lambobin su yi sako-sako, 18-22-22-42, in bar sauran a Auto. In ta tashi ta ci gwaji, sai in fara matsewa ɗaya bayan ɗaya: tCL zuwa 16, tRCD da tRP zuwa 20, sannan 19 in ta yarda. Lura da Gear Down Mode, wanda yawanci a kunne yake: in yana kunne ba ya karɓar tCL mara, ka rubuta 17 ya mayar da ita 18 a ɓoye, kana ta murna a banza. Wutar SoC ka kafe ta wajen 1.1, kada ka bari ta kusanci 1.2, don wasu allunan in aka bar su a Auto hannunsu a sake yake. VDDG kuma, wutar gadar, daga SoC ake tatso ta, dole ta zauna ƙasa da ita da aƙalla milibolt 40.

Nisan da za ka yi ya dogara ga ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ƙarfen sandar, ba sunan da ke kwali ba. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawansu: Samsung, SK Hynix da Micron. Samsung B-die ita ce sarauniyar DDR4, tana son wuta, tana matsuwa har CL14 a 3600, amma da wuya ka same ta a sanda mai 16-18-18. Tata alamar lambobi ne masu kama da juna, irin 14-14-14 a 3200. Micron Rev. E tana hawa gudu sosai amma tRCD ɗinta ba ya sauka. Hynix CJR tana tsaka-tsaki. Samsung C-die kuwa, wadda ta cika sandunan araha, halinta daban: in ka ƙara mata wuta sama da 1.35 sau da yawa ƙara rikicewa take yi. Na ga wanda ya kwana yana ƙara mata wuta tana ƙara kurakurai, alhali ragewa ce maganin. Thaiphoon Burner yakan karanto sunan ƙwayar, kodayake wani lokaci yana canka ne kawai.

Lambar da na fi so ka fahimta ba ta cikin huɗun nan, ita ce tRFC. Kowane ɗigon bayani a RAM yana zaune ne a cikin ɗan mitsitsin ma'ajin wuta mai yoyo, kamar randar da ta tsage. In ba a zo an ƙara mata ba, sai ta tsiyaye, 1 ya koma 0. Don haka kowane maikurosakan 7.8 RAM yakan dakatar da komai ya bi wani sashe yana cikawa, kuma tsawon wannan dakatawar shi ne tRFC. Ƙa'ida ta ba ƙwaya mai gigabit 8 nanosakan 350, wato bugu 630 a gudun 3600. Rage shi yana ba da riba ta gaske, CJR takan sauko wajen nanosakan 260, Rev. E wajen 300, B-die har ƙasa da 180. Amma yoyon nan yana ƙaruwa da zafi. Saitin da ya zauna daram da sanda tana digiri 38 yana iya fara zubar da bayani in ta kai 50.

Wannan da kaina na ɗanɗana. Wani mai ɗaukar bidiyon biki ya kawo mini kwamfutarsa a watan Disamba, ana tsakiyar hunturu, shago da sanyi har sai mutum ya sa rigar sanyi da safe. Na matse masa RAM, na gwada dare guda cur, ko kuskure ɗaya babu, ya tafi yana sa albarka. Watan Afrilu sai ga shi da fuska a murtuke. Ba shuɗin allo, ba kashe kai, komai kamar lafiya, amma bidiyon wani kamu da ya fitar yana da wurin da hoto ke tarwatsewa ya zama kore na daƙiƙa biyu, wani fayil ɗin da ya matse kuma ya ƙi buɗuwa sam. Na buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta toshe ragar gaba ta zama kamar bargo, katin hoto kuma yana huro zafinsa kai tsaye kan sandunan. Na sake gwajin da na yi a Disamba, wannan karon da azahar, katin hoto yana aiki: minti goma sha ɗaya kuskure ya fito. Laifina ne, ba na RAM ba. Na gwada a lokacin da ya fi sauƙi, na miƙa masa ya shiga da ita lokacin da ya fi tsanani. Tun daga ranar, duk abin da sanda ta ci a gwaji sai na ɗan sassauta mata kafin ta bar hannuna.

Ka ga bambancin ke nan. Furosesa in ta gaza, faɗuwa take yi ka sani. RAM in ya gaza, shiru yake yi, ya rubuta maka ɓataccen bayani a faifai, wata rana har Windows ɗin kansa ya ruɓe. Saboda haka tashi da buɗe wasa ba gwaji ba ne. Fara da MemTest86 daga filashi, kafin ma ka bar Windows ya hau kan sabon saiti. In ya wuce, shiga Windows ka sa TestMem5 da saitin anta777 Extreme ya zaga sau uku, sannan OCCT ko y-cruncher don su matsa wa mai kula da RAM da gadar. Yi ɗaya daga ciki da rana tsaka, akwati a rufe, katin hoto yana aiki. Kuskure ɗaya faɗuwa ce, babu wai ɗaya ne kawai. Bayan nan buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton kurakurai, ka nemi WHEA-Logger. In kana ganin lamba 19 tana taruwa, ko sauti yana ƙarce-ƙarce, ko linzami yana ɗaukewa yana dawowa, gadar ce ta gaji. Sauke FCLK da RAM tare zuwa 1733 da 3466.

Sai an gama da RAM sarai za ka koma kan furosesa, kuma wannan karon rage mata wuta za ka yi, ba ƙari ba. Abin yana da ban mamaki ga wanda ya saba da tsohon yayi, amma lissafin ɗazu ne aka juya: in ta yi gudu iri ɗaya da wuta kaɗan, zafi ya ragu, direban cikinta ya ga sarari, shi da kansa ya ƙara gudu. Sunan abin Curve Optimizer, yana ƙarƙashin Precision Boost Overdrive a sashen AMD Overclocking, ya zo da sabunta BIOS na ƙarshen 2020. Zaɓi Negative. Lambar tana tafiya har 30, kowane taki milibolt 3 zuwa 5 ne. Fara da 10 a duka kawuna, ka gwada, ka ƙara biyar-biyar. Kawuna biyun da suka fi kyau, waɗanda Ryzen Master ke sa wa alama, su ne za su fara ƙi, domin kamfani ya riga ya tatse su. Wataƙila su tsaya a 10 ko 15 sauran su kai 25. Tarkon da ke nan shi ne, rashin zaman lafiyar Curve Optimizer ba a aiki mai nauyi yake fitowa ba. Za ta ci gwaji mai nauyi irin Cinebench awa guda, ka tashi ka je salla ka dawo ka tarar ta sake tashi da kanta tana zaune ba ta komai. CoreCycler aka yi domin wannan, yana bin kawunan ɗaya bayan ɗaya. In ta faɗi, duba WHEA lamba 18, ka raba lambar APIC ID da aka rubuta a ciki da biyu, shi ne kan da ya gaza, ka rage masa lambar Negative ɗin shi kaɗai. Iyakokin PPT, TDC da EDC kuwa, muddin kana kan fankar kwali, bar su yadda suke. Ka kuma sani AMD ta ce kunna Precision Boost Overdrive yana fitar da kai daga garanti.

Kuɗin da za su fi yi maka amfani a nan na fanka ne mai tsayi, mai bututun tagulla huɗu da fanka milimita 120, da sabon man shafawa tsakaninta da furosesa. Ko ba ka taɓa komai a BIOS ba, wannan kaɗai zai sa ta riƙe gudunta. In kuma bidiyon 4K kake tacewa, buɗe Task Manager lokacin aiki ka duba. In giga 16 ɗin suna cika, duk matse lambobin duniya ba zai kai maka ƙarin RAM zuwa 32 ba. Sayi saiti ɗaya mai sanda biyu na giga 16, ya fi ka cusa wasu biyu kusa da na da.

Saura wutar gida, don tana rikita bincike. Kernel-Power lamba 41 da za ka gani a Event Viewer ba ya cewa komai illa kwamfuta ta mutu ba sallama. Ko saitinka ne ya faɗi, ko ɗauke wuta aka yi, ko janareta ne ya yi tari, lamba ɗaya zai rubuta. In ba ka kan UPS ko inbata, ba za ka taɓa rarrabe mai laifi ba. Sabunta BIOS kuwa kada ka soma shi a kan wutar NEPA tsirara. Kafin ka fara duk wannan, kwafe ayyukan mutane zuwa wani faifai, in kuma BitLocker, makullin faifai na Windows, a kunne yake, rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda, don sabunta BIOS ko goge shi kan sa Windows ya tambaye ka.

Za ka kai wurin da za ka ajiye saiti, allo ya yi baƙi, fankoki suna juyawa, ba hoto. Kada gabanka ya faɗi, ba ta ƙone ba. Ba ta minti biyu, don wani lokaci madabod yana koyon sabon saitin ne, yakan kashe ya kunna har sau uku ya dawo da kansa. In bai dawo ba, zare wayar wuta daga bango, ka haɗa ƙusoshi biyun da aka rubuta CLR_CMOS ko JBAT1 da bakin sukundireba na daƙiƙa goma, ko ka cire batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, na minti biyar. Komai zai koma na kamfani, har da XMP, shi ya sa nake ajiye littafi kusa da kibod ina rubuta kowane canji da sakamakonsa, kuma ba na canza abu biyu a tashi ɗaya. Duk saitin da ya ci gwaji, ajiye shi a Profile na BIOS, ka kuma ɗauki hotonsa da waya, domin sabunta BIOS yakan share waɗancan.

In ka kunna XMP ka gama zagayen farko na TestMem5, turo mini hoton ZenTimings da na shafin SPD na sandunan biyu, ka faɗa mini zafin da HWiNFO ya nuna bayan minti goma na Cinebench da ƙarfe biyun rana. Da waɗannan zan san ko sandunanka na 3600 ne ko a bar su a 3200.